Kwalbar da Na Ɗauko wa Babayo

Muna tsakiyar cunkoson Farin Gada, wata babbar mota mai kwandunan tumatir ta gitta mana hanya tana neman juyawa, sai na leƙa madubi na ga Babayo ya dafe ƙirji da hannu biyu. Gumi yana tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa, alhali ruwan Agusta ake yi, irin wanda ke sa mutumin Jos neman rigar sanyi da rana tsaka. Na ce masa ya kwanta, ai kujerar baya shi kaɗai ne a kanta. Ya girgiza kai. Ni kuwa na san dalili. Zubair, mijin 'yarsa Murjanatu, yana zaune kusa da ni a gaba, kuma Babayo ba zai miƙe ƙafa a gaban surukinsa ba ko da ransa ne ke fita.

Na danna oda har hannuna ya gaji, na leƙo ta taga na faɗa wa direban nan abin da ba zan maimaita a nan ba. Haka nake, bakina ba ya jiran shawarata. Masu dako biyu suka gane maras lafiya na ɗauko, suka janye baro suka buɗe mini 'yar hanya ta gefen kwata, na kutsa da tsohuwar tasi ɗina muka fita.

Shekara goma sha tara katanga ɗaya ta raba gidana da na Babayo. Shi dillalin shanu ne, Bafillace dogo siriri, mai magana kamar ana saye a wurinsa. Ni kuma kakana daga Barno ya zo haƙar kuza, ya mutu bai koma ba. Ka ga ke nan akwai wasa tsakaninmu tun kafin a haife mu. Da safe in na fito wankin mota zai ce, bawana ya tashi aiki. Ni kuma in ce masa ya koma daji, gari ba na masu sanda ba ne. A shekarun nan duka ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Ranar da bijimi ya take masa ƙafa har farce ya fita, cewa ya yi ƙaya ce.

To, abin da ya faru a ranar, Zubair ya zo daga Toro gaisuwa tun jiya, ya kwana a ɗakin zaure. Ciwon ya kama Babayo bayan sallar asuba. Maimakon ya yi magana, sai ya zauna a kan buzunsa yana amsa gaisuwar suruki, yana tambayarsa damina da lafiyar mutanen gida. Sai wajen sha ɗaya matarsa Hanatu ta leƙo ta katanga ta gaya wa matata Talatu cewa Malam ya shiga ciki sau biyu yana amai, kuma launinsa bai yi mata ba. Allah ya sa ruwa ya hana ni fita aiki. Da kyar na saka shi a mota, yana cewa iska ce ta tsaya masa a ƙirji.

Wani asibiti mai zaman kansa muka nufa, don ya fi kusa. Likitan da muka samu, Dakta Dalyop, mutum ne gajere mai saurin hannu, Hausarsa tas. Ya sa aka liƙa wa Babayo wasu wayoyi a ƙirji da ƙafafu, na'ura ta turo doguwar takarda mai zane-zane. Ya duba ta sau ɗaya ya ajiye. Ya yi mana bayani a tsaye, ba kwana-kwana. Ya ce jini ne ya daskare ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciyar kanta, kuma duk awar da ta wuce wani ɓangare na zuciyar mutuwa yake yi, ba ya dawowa. Akwai maganin da ake sakawa a ruwa ya bi jijiya ya narkar da gudan jinin, amma lokaci yake bi. In an yi sauri yana aiki, in an makara wahalar banza ce.

Ya tambayi Babayo yaushe abin ya fara. Babayo ya ce ɗazu-ɗazun nan. Na ce wane irin ɗazu, tun asuba ne. Likita ya dubi agogonsa, ya dubi Babayo. Ya rubuta wani dogon suna a takarda ya miƙo mini, ya ce ba su da shi a nan, ba kowa ke ajiye shi ba, in gwada manyan shagunan magani na cikin gari. Ya ce in ina da wani gudu da nake ɓoyewa, yau ce ranarsa.

Shago na farko suka juya takardar suka ce ba su taɓa jin sa ba. Na biyu suka ce sai an aiko daga Legas. A na uku, wajen kasuwar Taminus, na samu wata mata Ibo mai farin gilashi, Madam Ulonma, wadda na sha kai wa kaya. Ta karanta, ta shiga ciki, ta buɗe firij ta fito da wani ɗan kwali. Kwalbar da ke ciki ba ta kai babban yatsana ba, da ɗan farin gari a gindinta. Wallahi sai da na ji haushi. Duk wannan gudun a kan abin da bai cika cokali ba.

Ta ce ba ya son zafi, ko ina da abin sanyi. Na ɗauko kular da Talatu ke zuba mini kunu, na zubar da sauran a bakin kwata, na ɗauraye. Madam ta fasa ƙanƙarar ruwan leda ta zuba, ta naɗe kwalbar ta saka a tsakiya. Tana rufewa ta ce, da irin Hausarta ta kasuwa:

"Oga, wannan magani ba wasa ba ne fa. Mutum ɗin ba ya da olsa ko? Ba ya zubar da jini wani wuri? Idan yana da, wannan zai buɗe shi kamar famfo."

Na ce likita ya san aikinsa. Ta ce haka ne, likita zai tambaya. Na ɗauki kula na fito, amma maganarta ta tsaya mini a rai tun kafin in kai mota.

Dalili kuwa, sati uku kafin nan na ɗauki Babayo zuwa kasuwar shanu. Muna hanya ya ce in tsaya gefen titi in kashe mota. Ya ce cikinsa yana ci da wuta, yana ganin jiri in ya miƙe, kuma bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ya ce yana zargin ƙwayoyin ciwon gwiwa da yake saye a kemis, safe da dare yake shan su ba da abinci ba. Na ce mu juya asibiti yanzu. Ya ce sai ya sallami shanun da ke hannunsa. Sannan ya kama hannuna, abin da bai saba ba, ya ce, "Amana ce, Bala. Ko Hanatu ba ta sani ba." Na tsokane shi na ce Bafillace ya ci tuwon gari ya kasa narkarwa. Muka yi dariya. Na saya masa farin maganin nan na ruwa da ake sha don ƙwannafi, daga nan ban sake tayar da zancen ba. Wannan ma laifina ne, na sani.

Duk hanyar komawa ina lallashin kaina. Likita zai tambaya, shi kuma zai faɗa, ai ransa ne. Ba ruwana. Ni aike aka yi ni, na kuma dawo da abin da aka aike ni. Na bi ta unguwar Congo-Russia don in kauce wa cunkoso, kular tana tsakanin cinyoyina don kada ta faɗi.

Na tarar an riga an ɗaura masa ruwa a hannu, an sa masa robar iska a hanci. Hanatu tana zaune a benci a waje, ta lulluɓe har fuska. Zubair kuwa yana tsaye a ƙarshen gado, kansa a sunkuye, riƙe da takalman Babayo da hularsa. Daga yadda likita yake yi masa magana na gane ya ɗauka ɗansa ne na cikinsa. Babu wanda ya gyara masa, don wa zai tsaya bayanin dangantaka a irin wannan lokaci.

Dakta Dalyop ya ga kula a hannuna ya ce madalla. Ya juya wurin Babayo ya ce ya tambaye shi ɗazu, amma zai sake tambaya, don maganin nan ba a janye shi in ya shiga jiki. An taɓa yi masa aiki kwanan nan? Babu. Ya faɗi ya bugu a kai? Babu. Ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki? Babu. Yana aman jini, ko yana ganin jini a bayan gida, ko bayan gidan ya yi baƙi?

Babayo bai dubi likita ba. Ni ya duba, ido cikin ido, irin kallon da yake yi wa mai saye in ya faɗi farashin ƙarshe.

"Babu ko ɗaya," ya ce.

Nas ta miƙo hannu za ta karɓi kular. Ban sake ta ba. Ta ja, na riƙe. In na yi shiru na cika amana, na kuma miƙa musu abin da zai buɗe shi kamar famfo, da hannuna na ɗauko. In na yi magana na tozarta dattijo a gaban mutumin da shekara goma sha ɗaya bai taɓa ganin ya kai loma baki ba. Ban tsaya auna komai ba, ƙarya ne in ce na auna. Haushi ne ya taso mini, haushin taurin kansa, sai kawai na ji muryata ta cika ɗakin.

"Ƙarya yake yi, likita. Sati uku ke nan yana kashi baƙi kamar kwalta. Shi ya gaya mini da bakinsa."

Da wannan kalmar na faɗa, ban ko sakaya ba. Har maras lafiyan gadon kusa sai da ya juyo yana kallona. Zubair ya durƙusa a hankali ya ajiye takalman a ƙarƙashin gado, ya ɗora hular a kansu, ya fita bai ɗago kai ba. Babayo ya kama bakin zanen gado da hannun da ba ruwa, ya ja ya rufe fuskarsa.

Likita ya ce kowa ya fita, aka ja labule. Bayan kamar minti ashirin ya same ni a baranda. Ya ce ya duba, gaskiya na faɗa, kuma gwaji ya nuna jinin jikinsa ya yi ƙasa sosai, akwai gyambo a ciki da ke tsiyaya. Maganin nan ba ya zaɓe, in ji shi. Duk inda ya sami gudan jini narkar da shi yake, har da wanda ya toshe bakin gyambon. Ba zai yi masa ba. Za su rage masa zafin, su taimaki zuciyar da abin da suke da shi, su ƙara masa jini a hankali, sauran sai addu'a. Ya ce in mayar da kwalbar inda na samo ta tun ba ta lalace ba.

Na tambaye shi tsakani da Allah, da an yi masa fa. Ya ce, "Da an yi masa, da wuya ya kai magariba. Ba a yi masa ba, ban san inda zai kai ba. Amma ka yi daidai, Malam Bala." Na gode masa. Ban ji kamar wanda ya yi daidai ba ko kaɗan.

Da yamma na koma gida na ba Talatu labari, ina jiran ta ce mini haka Allah ya so. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce ai da sai in ce wa Zubair ya je ya duba ko na rufe gilashin mota, tunda ruwa ake yi. In ya fita, Malam da kansa zai faɗa. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga gaskiyarta. Minti ɗaya kacal, da 'yar ƙaramar dabarar da ko yaro ya sani. Na fita na zauna a cikin mota ni kaɗai, a ƙofar gida, na daɗe ban shigo ba.

Washegari na koma tun da hantsi. Na yi sallama, Babayo ya amsa, don sallama dole ce, daga nan ya juya fuska bango. Na yi masa sannu, shiru. Na ce bawanka ne fa, yau ba gaisuwa, shiru. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Zubair kuma bai sake taka ɗakin ba. Yana kan benci a waje, in an bukaci abu ya tashi da gudu ya kawo ya miƙa wa nas daga bakin ƙofa. Shi aka ɗebi jininsa aka ƙara wa Babayo, ya roƙi kada a gaya masa.

A unguwa kuwa magana ta riga ta zaga, ta kuma canza kaya a hanya. Wai an samo magani, likita zai yi allura, Bala direba ya hana. Wani mai shayi ya tare ni da zancen, saura kaɗan in kifar masa da tebur. Amma me zan ce? In wanke kaina sai na sake faɗin abin da na faɗa a ɗakin, wannan karon a bakin titi. Na haɗiye. Hanatu ce kaɗai ta tambaye ni kai tsaye, ta bayan mayafi, ko gaskiya ne maganin yana nan ba a yi masa ba. Na ce gaskiya ne, jikinsa ba zai ɗauka ba. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ba ta ƙara ba.

A rana ta uku numfashinsa ya canza. An jingina shi da filo uku don ba ya iya kwanciya, ƙafafunsa sun kumbura, ƙirjinsa yana wani ƙara in ya ja iska. Likita ya ja ni gefe ya ce ɓangaren zuciyar da ya mutu yana da yawa, sauran ya gaji. Bayan la'asar na shiga na zauna a kujerar gefen gado kamar yadda na saba, na gaji da magana da ƙeya. Ruwa ya ɗauke, ana jin masu acaɓa suna oda a titi.

Can sai na ji ya ce, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi:

"Bawana. Bakinka ya fi motarka gudu."

Na ce ai motar ta tsufa ne. Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Na ce ya yafe mini, na ci amanarsa. Ya ɗaga yatsu biyu daga kan zane ya sauke, kamar yadda yake yi in ciniki ya faɗa. Ya tambaya ko yaron nan ya koma Toro. Na ce yana waje, kwana biyu a kan benci yake. Sai ya ce in kira masa shi.

Zubair ya shigo ya tsuguna nesa da gado. Babayo ya ce ya matso. Ya matso kaɗan. Ya ce ya ƙara. Sannan ya nuna kofin ruwa da ke kan durowa.

"Ba ni ruwa, Zubairu. Tunda ka riga ka ji, me ya rage."

Zubair ya dube ni, na kau da kai. Ya tashi ya tallafo kan surukinsa ya kai masa kofin baki. Babayo ya kurɓa sau uku, ruwa yana zubowa ta gefen gemunsa, Zubair ya sa hannun rigarsa ya goge. Daga nan Babayo ya miƙe dogayen ƙafafunsa har suka taɓa ƙarfen gado, ya ce ya riƙe masa Murjanatu da kyau. Na fita na kira Hanatu. Kafin a kira magariba ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, Zubair ne ya rufe masa ido.

Da safe aka kai shi. Mutanen kasuwar shanu sun zo da yawa, har layinmu ya kasa ɗaukar motoci. Kwana uku ina zaune a zaurensa ina karɓar gaisuwa tare da 'yan'uwansa, ban kunna mota ba. Wasu suna gaishe ni, wasu suna wuce ni su gaida na kusa da ni. Ban ce wa kowa komai ba, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne.

A rana ta huɗu na fito da bokiti da soso. Na buɗe ƙofofin motar duka huɗu don ta sha iska, na fara ciro tabarmin ƙasa. A ƙarƙashin kujerata hannuna ya taɓa kular Talatu. Na manta da ita shaf. Na zauna a bakin ƙofar mota na buɗe murfin. Ƙanƙarar ta zama ruwa tuntuni, takardar jikin kwalbar ta jiƙe ta saɓule, kwalbar tana yawo a sama. Na ɗago ta ga haske. Ba a taɓa hatiminta ba, ɗan farin garin yana nan a gindinta, a bushe.

Na daɗe riƙe da ita. Ta bayan katanga ina jin Hanatu tana shara, tsintsiya tana tafiya a hankali har ta kai wajen zaure, ta tsaya.